Ba buhunan albasa kuka ɗauko ba: maganar kai yara ƙwallo wata jiha

1/ Duk wanda ya tara 'ya'yan mutane a mota da sunan zai kai su buga ƙwallo wata jiha, alhali bai tanadi kuɗin kwanansu ba, caca ya shirya, kuma ran ɗan wani ya zuba a ciki. Ku gyara zama. Maganar na da tsawo, kuma na san akwai waɗanda za ta sosa wa rai.

2/ Ni ɗan Illela ne, ina karatu a Ɗanfodiyo. In an yi hutu ina taya wani malamin wasanni horar da yaran ƙaramar sakandare, 'yan shekara 12 zuwa 15. Sau uku ina raka su wasa wajen gari. Abin da idona ya gani zan faɗa.

3/ Ga yadda ake shirya tafiya a wurinmu. Talata a samu gayyata. Laraba a fara bin gidajen masu hali da takarda. Alhaji ya ba da kuɗin riguna don za a buga sunansa a baya. Ɗan siyasa ya ba da ƙwallo biyu a ɗauki hoto. Yara su yi karo-karon kuɗin mota. Shi ke nan wai an gama shiri.

4/ Duba lissafin da kyau. Riguna akwai, ƙwallo akwai, mota da mai akwai. Abinci? "Masu masauki za su ba su." Ruwa? "A sayi na leda a hanya." Ka ce ina za su kwana, sai a dube ka kamar ka yi saɓo. "Kwana kuma? Ai ana tashi wasa mu juyo."

5/ Wannan "ana tashi wasa mu juyo" ita nake son mu tsaya a kanta. Ba a take leda a ƙasar nan sai bayan la'asar, saboda rana. A Sakkwato da Kabi zafin Afrilu kan haura digiri 40. Babu mai hankalin da zai sa yaro gudu da azahar.

6/ To lissafa da kanka. Sallar la'asar. Jiran babban baƙo, wanda tun da nake ban taɓa ganin ya zo kan lokaci ba. Jawabi, gaisawa da 'yan wasa. A fara ƙarfe 5, a tashi dab da magariba. Sallah, abinci, cigiyar yaron da ya tafi sayen rake. Mota ba za ta tashi ba sai 8 na dare.

7/ Kowa ya san wannan lissafin tun kafin a bar gida. Koci ya sani, hedimasta ya sani, mai ɗaukar nauyi ya sani. Saboda haka kada wani ya ce min dare ne ya riske su. Tun ranar da aka ƙi ware kuɗin kwana aka yanke hukuncin tafiyar dare, sauran duk jiran lokaci ne.

8/ Ranar Asabar 31 ga Mayu, 2025, motar tawagar Jihar Kano da ke dawowa daga gasar wasanni ta ƙasa a Ogun ta faɗa ƙarƙashin gada a Dakatsalle, kan hanyar Zariya zuwa Kano. Mutum 22 suka rasu, 'yan wasa da masu horarwa da jami'ai. Allah Ya jiƙan su, Ya ba iyalansu haƙuri.

9/ Daga Abekuta zuwa Kano kusan kilomita 1,000 ne. Sun cinye hanyar duka, saura abin da bai kai tafiyar awa ɗaya ba su shiga gida. Hukumar kiyaye haɗura ta ƙasa ta ce mai yiwuwa gajiyar direba ce da gudu, bayan doguwar tafiyar dare.

10/ Ku lura da wani abu: da rana haɗarin ya faru. Masu cewa "ai in an tsallake dare an tsira" su ji. Barcin da aka hana direba da dare bashi ne, kuma ba shi da lokacin da yake zuwa karɓa. Yana iya zuwa rana tsaka, a kan gada.

11/ An ba da hutu ranar Litinin a Kano, an yi ta'aziyya, mun sa hotunansu a shafukanmu, mun yi kuka. Daidai ne. To bayan nan me ya canza a tashar motar garinku? Ni dai a idona, ko mako biyu ba a yi ba aka ci gaba da cusa yara a mota kamar ba a yi komai ba.

12/ Kuma fa waccan tawagar jiha ce, mai gwamnati a bayanta. Kano Pillars, da duk girmanta, 'yan bindiga sun buɗe wa motarta wuta a Maris 2015 a hanyar zuwa Owerri, suka raunata 'yan wasa. Motar Wikki Tourists ta ƙone a Hawan Kibo a Fabrairun 2021, Allah Ya sa kowa ya fita.

13/ A Gana, Satumban 2020, motar wasu yara 'yan makarantar koyon ƙwallo ta faɗa kogi a yankin Offinso, aƙalla shida suka mutu nan take. Sa'o'in yaran da nake rakawa ne. In manyan kulob da tawagar jiha ba su tsira ba, ina ga mu masu hayar motar kasuwa da kuɗin karo-karo?

14/ Bari in ba ku labarin tafiyarmu ta ƙarshe, don a nan na gane inda gizo ke saƙar. An gayyace mu wasan sada zumunta a Birnin Kabi ranar wata Asabar. Yara 20, koci, ni, direba da yaron motarsa. Motar mai cin mutum 18 ce.

15/ Da asuba ina tsaye bakin mota da littafi ina rubuta sunan kowane yaro, sunan mahaifinsa, lambar wayar gida, da ko yana da wani ciwo. Koci ya ce, "Kai ɗan boko, mi kake rubutu haka? Jarrabawa za su tahi?" Aka yi dariya. Na ci gaba da rubutuna.

16/ A rubutun nan ne na gano ɗaya daga cikin yaran yana da ciwon asma, kuma ya baro abin shaƙarsa gida don kada a hana shi tafiya. Shekara biyu yana buga wa ƙungiyar nan, babu babban da ya taɓa tambaya. Sai da aka hau mashin aka ɗauko.

17/ Na ce a sauke biyu ko a ƙaro ƙaramar mota. Aka ce ƙanana ne, sa ɗauki juna a cinya. Ƙarshe dai wani ɗan'uwan koci da ke da harka a Sakkwato ya ɗauki huɗu a motarsa zuwa can, daga nan muka biya musu kuɗin wata. Abin da aka ce ba zai yiwu ba minti 20 ya ci.

18/ Ga wanda bai san hanyar ba: Illela zuwa Sakkwato kilomita 80 da 'yan kai ne, ta Gwadabawa da Kware. Daga nan ka bi Bodinga, Tambuwal, Jega, ka shiga Birnin Kabi. A taswira kamar ba nisa. Amma mu mutanen iyaka mun san ba a auna hanyarmu da kilomita, da shingen bincike ake auna ta.

19/ A wani shinge aka ce mu faka gefe. Jami'in ya leƙa ya ga yara cunkus, ya ce, "'Ya'yan wa? Ina za ku kai su?" Koci ya fara nuna riguna da ƙwallo. Ya ce, "Malam, riga ba takarda ba ce."

20/ Wallahi ban ji haushinsa ba, aikinsa yake. Illela ƙofa ce. Ta nan ake fita Ƙonni, Tawa, Agadas, har Libiya, kuma kowa ya san masu fataucin mutane na bin wannan hanya. Mota cike da yaran da ba naka ba, babu sunayensu, babu takardar makaranta: ta ina jami'i zai bambanta ka da ɓarawon yara?

21/ Na miƙa masa littafin. Ya zaɓi suna biyu ya kira lambobin da kansa. Ɗaya uwar yaron a Ƙonni take aure, lambarta ta Nijar ce mai farawa da 227. Ya ji muryarta, ya ji ta san da tafiyar, ya miƙo min littafin ya ce Allah Ya ba da sa'a. Ba wanda ya sake kiran littafin jarrabawa.

22/ Wannan ma wani abu ne da ya keɓanci garinmu. Da yawan yaranmu danginsu rabi na nan rabi na tsallake. In wani abu ya faru ƙarfe 2 na dare a Tambuwal, wa za ka kira? Ka san sunan yaro "Messi" ko "Ɗan Baƙi" kawai, ba ka san sunansa na yanka ba, balle gidansu.

23/ An yi wasa, sun ci mu 2 da 1, gola ya yi ta kuka. Wannan ba komai. Rigimar bayan isha'i ta fara. Direba ya tayar da mota ya ce a shiga. Na ce Baba, kwana za mu yi. Ya ce, "Kwana? Gobe Lahadi fa. Kasuwar Illela na ci, ni ina nan kwance Kabi?"

24/ Kuma yana da gaskiya. Wannan shi ne abin da masu zagin direbobi ba sa gani. Lahadi ce ranar kasuwarmu, ranar da shanu da hatsi da mutane ke kwararowa daga ko'ina har daga Nijar. Mai mota a Illela da abin da ya samu ran Lahadi yake cike gurbin sauran kwanakin mako.

25/ Ga mai motar na jiran balas ɗinsa. Ga man fetur da tun da aka cire tallafi a Mayun 2023 ya ninka ya sake ninkawa. Kun yi ciniki da mutum kan "kai mu ka maido mu yau", kun matse shi har ya yarda da ragi, sannan ku ce ya kwana kyauta? Ba zai kwana ba, ko ni ne.

26/ Amma ga ɗaya gefen. Mutumin nan tun kafin asuba yake a farke. Ya tuƙa mu zuwa Kabi. Muna fili, shi kuma ya je ya ɗan yi lodi cikin gari don kada yini ya tafi a banza. Idonsa ja wur, goro a kumatu, ga kwalbar abin sha mai sa kuzari a aljihun ƙofa. Shi ne zai maido da yara 20 cikin dare.

27/ A ƙasashen Tarayyar Turai doka ce: direban bas ko babbar mota ba ya wuce awa huɗu da rabi yana tuƙi sai ya huta minti 45, kuma a ƙa'ida awa 9 ce iyakar tuƙinsa a yini. Akwai na'ura a motar da ke rubuta komai. Jikin Bature da na Baba direba tsoka ɗaya ce. Barci bai san fasfo ba.

28/ Na ce ni ba zan shiga ba, kuma ga lambobin iyaye a hannuna, zan kira su ɗaya bayan ɗaya in gaya musu halin da direba ke ciki, kowa ya zaɓar wa ɗansa. Nan hankalin koci ya tashi. Ya san babu uwar da za ta ji haka ta ce a taho.

29/ Mai ɗaukar nauyinmu aka kira a waya. Ya ce, "Ɗana, kuɗin da anka ba ku sun ƙare, ni ban da wasu. Ku yi addu'a ku taho, Allah shi tsare." Na ce Alhaji, Allah Ya ƙara girma, kuɗin da aka buga sunanka a bayan riguna sun fi abin da muke nema yanzu. Ya kashe waya.

30/ Kun san nawa kwanan ya ci? Shugaban makarantar da ta gayyace mu, Allah Ya saka masa, ya buɗe mana aji biyu, ya aiko da tabarmi da maganin sauro. Shayi da burodi da safe. Sai abin da muka haɗa ni da koci da wasu malaman can muka ƙara wa direba don lodin farko da zai rasa.

31/ Shi ke nan. Ba otal, ba fanka, ba komai. Aka yi sallar asuba muka kama hanya, kafin kasuwa ta cika muna Illela. Direba ya samu lodinsa na rana. Abin da ake cewa "babu kuɗinsa" bai kai kuɗin riguna ba.

32/ Amma daren nan wayata ba ta huta ba. Wata Inna ta kira sau uku. "Ɗan nan, ka ce min gaskiya, lahiya kuke?" Sai na tashi yaron ta ji muryarsa sannan ta kwanta. Matar nan ba ta san inda Birnin Kabi yake ba. Ta dai miƙa ɗanta ga mutanen da take zaton sun san abin da suke yi.

33/ Sakamakona? An ce ina da iyayi, na raina manya, karatun jami'a ya hau min kai. Tafiyar da aka yi bayan wannan ba a neme ni ba. Sun je, sun dawo ƙarfe 1 na dare, lafiya lau, aka aiko min da saƙo: "To ga shi mun dawo, mi ya faru?"

34/ Babu abin da ya faru, alhamdu lillahi. Kuma wannan ce hujjar da ta fi ba ni tsoro. Tafiyar dare da gajiyayyen direba sau da yawa lafiya ake dawowa, shi ya sa ake ci gaba. Tawagar Kano ma ai ba ranar suka fara dawowa daga gasa ba.

35/ Yanzu bari in zo kan masu cewa ƙaddara. Na yarda da ƙaddara, mai kyau da marar kyau, ba sai an karanta min ba. Amma malaman da suka koya mana ita su suka koya mana a ɗaure raƙumi sannan a yi tawakkali. Ban taɓa jin malamin da ya ce a sake shi cikin kasuwa ba.

36/ Abin mamaki, Alhajin da ke cewa "ku taho, Allah shi tsare" in tirelar albasarsa za ta Legas sai ya duba taya, ya san direban, ya san yaron mota, ya karɓi lambar kowa, ya riƙa kira a hanya. Bai taɓa cewa buhunan su yi tawakkali ba. Sai a kan ɗan talaka ake tuna ƙaddara.

37/ Ga maganar tsaro kuma, da ba sai na tsawaita ba. Birnin Yawuri, Yunin 2021, ɗalibai aka kwasa daga makaranta. Gidan Bakuso a Gada, maƙwabtanmu na kusa, Maris 2024, almajirai 15 cikin dare. A ƙasar da ake bin yara har makwancinsu, kai ka ɗauko 20 ka fito da su titi ƙarfe 12 na dare?

38/ In mota ta lalace a dajin da babu sabis fa? Wane ɗan kasuwa ne zai ɗauko jakar kuɗinsa ya bi hanya a wannan lokaci in yana da zaɓi?

39/ To sai ɗaya ɓangaren, masu cewa "ai shi ya sa a hana tafiyar gaba ɗaya, su zauna gida su yi karatu". Ku ma ban tare da ku, ko kaɗan. Wannan maganar mai sauƙi ce a bakin wanda ɗansa ke zuwa Abuja hutu.

40/ A cikin yaran nan 20, fiye da rabi ranar suka fara wuce Sakkwato. Akwai wanda ya fi sanin kuɗin sefa da kasuwar Ƙonni a kan jihar da ke maƙwabtaka da tasa. Da muka shiga Jega wani ya tambaye ni, "Yaya, nan ma Nijeriya ce?" Kada ku yi dariya. Wa ya taɓa kai shi?

41/ Kuma yaron da ke fili kowace yamma, mun san inda yake. Wanda ba ya fili a garin iyaka, mun san abin da ke jiransa: jarkar fetur a bayan mashin ta ɓarauniyar hanya, ko ƙwaya a lungu. Ƙwallo ce ke riƙe da wasunsu a makaranta, domin dokarmu wanda bai zo aji ba ba ya sa riga.

42/ Shehu Abdullahi ɗan Sakkwato ne. Ya buga wa Kano Pillars, ya ciyo tagulla da Nijeriya a gasar Olamfik ta Rio a 2016, ya je kofin duniya a Rasha a 2018. Babu ɗan ƙwallon da ke kaiwa can yana buga wasa da 'yan unguwarsu kaɗai. Dole a fita a gwada ƙafa da baƙi.

43/ Saboda haka a yi tafiya. Ni ma so nake a ƙara yawan ta: Kabi, Gusau, Katsina, har Ƙonni da Tawa in takardu sun yi daidai. Rigimata da yadda ake yin ta ne, da kuma wanda ake kira ɗan rakiya.

44/ A wurinmu ɗan rakiya shi ne wanda aka samu gurbi aka ce "kai ma shigo ka sha kallo". Ba shi da ta cewa kan mota, ba shi da ta cewa kan kuɗi, aikinsa riƙe jakar riguna da raba ruwan leda. In ya ce direba ya rage gudu sai a ce waye kai.

45/ Koci ba zai iya aikin nan ba, ba don mugu ne ba. Hankalinsa na kan wa zai buga baya, wa zai buga gaba. In an ci shi ransa a ɓace, gida kawai yake so. In ya ci, murna ta hana shi ganin komai. Ana bukatar wani babba dabam da ko kallon raga ba aikinsa ba ne.

46/ Wanda aikinsa ƙirga kawuna duk inda aka tsaya. Wanda ya ga tayar motar da idonsa tun jiya. Wanda ya san wane ne mai asma, wane ne mai sikila da bai kamata ya sha rana babu ruwa ba. Wanda ke da 122 a wayarsa, lambar gaggawa ta hukumar kiyaye haɗura, da lambar wani babba a garin da za a je.

47/ Amma duk wannan banza ne in kuɗin kwana ba a aljihunsa suke ba. Nan ne maganar take. Wanda ke riƙe da kuɗi shi ke da ikon cewa mota ba ta tashi. Ni ranar da lambobin iyaye na yi barazana, kuma bai kamata sai an kai ga barazana ba.

48/ Kuma a yi ciniki da direba tun farko kan kwana biyu, a biya shi na kwana biyu. In Asabar ce wasan, a san cewa Lahadinsa aka taɓa, a saka masa. Ko a roƙi masu gayyata su sa wasan ranar da ba ta ci karo da kasuwa ba. In kuɗin bai kai ba, a ba da haƙuri a fasa. Ba a taɓa ɗaure wani don ya fasa wasan sada zumunta ba.

49/ Iyaye, ku ma akwai laifinku, ku yi haƙuri. Yaro ya zo ya ce "Baba, gobe za mu Kabi ƙwallo", ka ce Allah Ya kiyaye, ka miƙa masa ɗari biyar. Ba ka tambayi wa zai kai su ba, wace mota, yaushe za su dawo. Akuyarka in za a kai kasuwa kana tambayar fiye da haka.

50/ Tambaya ɗaya tak za ta gyara rabin matsalar: "Ina za su kwana?" In iyaye goma suka yi ta a rana ɗaya, wallahi gobe za a nemo kuɗin. Ana yin abin da ake yi ne don an san ba mai tambaya.

51/ Shugabannin makarantu kuma: yaran nan da sunan makarantarku suke fita. Takarda guda mai hatimi, ɗauke da sunayen yara da na manyan da ke tare da su da inda za su, ba ta cin ko sisi. Dokar hanya ma ta ce motar haya ta rubuta sunayen fasinjojinta kafin ta tashi. A motar shata kuwa ban taɓa ganin an yi ba.

52/ Tun 2017 aka wajabta wa motocin haya sa na'urar taƙaita gudu. Kai mai shirya tafiya, ka taɓa tambayar direba ko motarsa na da ita, kuma tana aiki? Na tambaya sau ɗaya, yaron mota ya yi dariya har da riƙe ciki.

53/ A Kanada, Afrilun 2018, tirela ta daki motar wata ƙungiyar matasa 'yan wasan ƙanƙara, Humboldt Broncos, mutum 16 suka mutu. An yi bincike a fili, direban tirelar ya samu ɗaurin shekara 8, lardin ya wajabta horo ga masu neman lasisin manyan motoci. Su ma sun yi kuka, amma ba a kukan suka tsaya ba.

54/ Mu kuwa sai a kai buhun shinkafa gidan mamaci, a ɗauki hoto, a ce za a kafa kwamiti. Kuɗin ta'aziyya ba ya wuyar fitowa. Na kwana ne kullum babu.

55/ Ana ta murnar babbar hanyar da aka ƙaddamar a 2024 daga nan Illela zuwa Badagry, sama da kilomita 1,000. Allah Ya sa a gama. Amma ku sani sabuwar kwalta ba ta hana gyangyaɗi. Gajiyayyen direba a kan shimfiɗaɗɗiyar hanya gudu zai ƙara.

56/ Ga masu hali da 'yan siyasar garinmu da ke son ganin sunansu a bayan yara: ba mu hana ba. Amma in na zo da takarda, layi na farko kuɗin kwana da na direba ne, riguna na ƙarshe. Wanda ya ce shi riguna kawai zai saya, ya riƙe abinsa, tsofaffin da muke da su ba su yage ba.

57/ Na ga wani ya rubuto "mu ma haka munka tashi, bayan akori-kura munka je wasa kuma ga mu". E, ga ku. Waɗanda ba su dawo ba ai ba su da waya balle su ba ka amsa.

58/ Wasu iyaye uku sun same ni, sun ce 'ya'yansu ba za su sake fita ba sai an cika waɗannan sharuɗɗa, kuma akwai gayyatar da ke jiran amsa bayan hutun nan. Masauki mun samu. Abin da ya rage mota. Duk wanda ya san direba a Illela ko Gwadabawa mai lafiyayyar mota da zai yarda da shatar kwana biyu, ya turo min lambarsa ta saƙo. Za a biya shi har da Lahadinsa.